Ki Bar Min Su Zuwa Ƙarshen Wata

Zuwa ga Takwarata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗanki, mijin nan nawa mai kukan tsiya. Rabona da shi tun yana cikin zani, yanzu kuwa Babanki ya ce har ya shiga makaranta. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwar nan tawa da ta ƙi jin magani. In zan hau benen ofis sai na tsaya a tsakiya, na yi kamar ina karanta sanarwar da ke bango.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙata, tunda ba mu saba ba. Na zaɓi rubutu ne domin in na kira ki a waya zan ɗaga murya, ke kuma ban tabbatar kin yi min laifi ba tukuna.

Na nemi ƙarin girma zuwa Farfesa, kuma wannan ne zagayena na ƙarshe, domin kafin kwamiti ya sake karɓar takardu na yi ritaya. Na shiga gabansu da kwali cike da duk abin da na wallafa a kan gishirin da ke cinye ƙasar noma da ruwan rijiyoyi. Shugaban kwamitin tsohon ɗalibina ne, ni na koya masa riƙe rariyar tankaɗe ƙasa. A gida Ƙidayau nake ce masa. Ko kallon kwalin bai yi ba. Kwamfuta ya juyo min, ya nuna min wani shafi da ke auna malamai da abu uku: takardu nawa ka wallafa, sau nawa wasu masana suka ambaci aikinka a nasu, da kuma haɗin gwiwarka da masanan waje. A ƙarƙashin sunana takarda huɗu kacal na gani.

Na ce masa, "Ga sauran a cikin kwali, buɗe ka karanta."

Ya ce, "Malama, wallahi na san aikinki, a hannunki na tashi. Amma abin da shafi ya nuna shi muke bi."

Na ɗauki kwalina na fito. Daga nan laburare na wuce, mai kula da wurin ta taya ni neman inda aikina ya shige. Sai ga hotonki, Takwara, cikin farar riga kina murmushi, takarduna jere a ƙarƙashinki. Har da wadda na wallafa kina da shekara uku a duniya, har da wadda ta girme ki. Ashe baiwar Allah aka haifa mana a zuri'a ba mu sani ba.

Mai laburaren ta yi min bayani. Injin da ke ƙidayar ya ga suna ɗaya, ga sunan kakanmu da dukkanmu muke amfani da shi, ga fanni ɗaya, sai ya mayar da mu mutum ɗaya. Da yake ke ce kika buɗe shafi kika sa hoto, ke ya ba. Ranar da Babanki, ɗan baffana, ya zo yana washe baki ya ce ya sa wa 'yarsa sunana, ban san abin da na amsa wa da "madalla" ke nan ba.

Na rubuta wa masu shafin. Sun ce mai shafi kaɗai ke iya sakin takardun, ko kuwa in kai ƙara cibiyar da take aiki. Kwamiti zai yi zamansa na ƙarshe a tsakiyar watan gobe. Don Allah ki shiga ki sakar min kayana.

Ki gaida mutanen gidan.

Ni ce Gwaggonki, mai asalin sunan.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi da safe, kuma ki ce su sauko miki da ofis ƙasa, ai kin cancanci hakan. Mu nan lafiya. Mijin naki yana nan ya zama ɗan jarida, tambaya ba dare ba rana.

Wasiƙarki ta iso ni ina tsakiyar aiki, na karanta ta a tsaye a bakin tandar busar da ƙasa. Ban ji daɗin abin da aka yi miki ba ko kaɗan. Mutumin da kika koyar ya rasa abin nuna miki sai kwamfuta.

Maganar takardun ba ta da sauƙi kamar yadda masu shafin suka faɗa miki. Akwai abin da ke gabana a nan wanda ba zan iya bayaninsa a gurguje ba. Ki yi haƙuri, ki bar min su zuwa ƙarshen wata.

Na tsaya nan, ana jirana a ɗakin gwaji.

'Yarki, Takwara.

*

Takwara,

Ina fatan kuna lafiya. Gwiwa tana nan yadda take, na gode da shawarar ruwan ɗumi.

Na karanta 'yar wasiƙarki har na haddace ta. In bar miki su zuwa ƙarshen wata. Da farko ban gane ba, sai da Babanki ya biyo ta nan yana ba ni labari cikin murna, wai a ƙarshen watan nan za a duba aikinki a sabunta miki kwantiragi, wai shugabanki yana ji da ke domin kin fi duk sa'o'inki yawan ambato. Nan na ajiye kofin da ke hannuna don kada in fasa shi.

Wato aron aikina kike nema, kamar mai aron mayafi za ta biki. Ki yafa, a gan ki, a yaba, sannan ki dawo min da shi in kin ga dama. To bari in gaya miki yadda aka saƙa mayafin. Takardar rijiyoyin nan da ke ƙarƙashin hotonki, sama da shekara goma na yi ina bin ƙauyuka a kanta. Nakan durƙusa a bakin rijiya in zura kwalba da igiya, in ɗauko, in rufe, in rubuta lamba, rana tana dukan ƙeyata. Buhunan ƙasa a bayan motata nake lodawa har sai da ƙafar motar ta karye. A nan na bar gwiwar da kike ce in gasa. Lokacin kina ina? Kina koyon ɗaura igiyar takalmi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba baƙuwa ce ta yi min ba. A sashenmu akwai masu "sa ni in sa ka", mutum biyar su haɗa kai, kowa ya rubuta takarda ɗaya ya jera sunan sauran, a wayi gari kowa yana da biyar. Ƙidayau da kansa ta nan ya hau. Na raina su shekara da shekaru, ina cewa mu a gidanmu ba a cin gumin wani. Su aƙalla suna neman izinin juna.

Kuma ki gaya min gaskiya: yau kika fara ganin takardun nan a shafinki? Mutum ya san tsawon hannunsa. Kin duba kin ga lambar da ta ninka taki, ba ki taɓa tambayar kanki daga ina ba?

Na faɗa wa Babanki abin da ke raina, ban ɓoye masa ba. Ba zan jira ƙarshen wata ba. Ki sake su yanzu.

Gwaggonki.

*

Takwara,

Ina fatan shirun nan lafiya ce. Babanki ya ce ba wanda ke kwance a gidanki, don haka na san ba ciwo ne ya riƙe hannunki ba.

Wata ya ƙare, wani ya kama. Kullum da safe sai na ratsa laburare kafin in hau sama, mai laburaren har ta daina jira in tambaya, girgiza kai kawai take yi. Jiya na haɗu da Ƙidayau a bakin matakala, ya karɓar min jaka, ya ce, "Malama, an dace kuwa?" Na ce masa ya ba ni jakata.

Na rubuta takardar ƙara zuwa ga shugaban cibiyarku. Tana nan a kan teburina cikin ambulan, na ɗora mata kwalbar ƙasa don kada fanka ta ɗauke ta. Allah ya sani ba na son aika ta, domin na san abin da za ta yi miki. Amma in makon nan ya fita ban ga kayana ba, za ta tafi.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, sai dai gidan babu walwala.

Ki yaga takardar ƙararki, ba ta da sauran aiki. In kin je laburare gobe za ki ga kayanki, ba ɗaya da ya rage a wurina.

Na yi shiru ne domin ina cikin fushi, kuma ba a yi min tarbiyyar rubuta wa babba wasiƙa cikin fushi ba. Na jira ya huce, ya ƙi, don haka ki yi haƙuri da abin da za ki karanta. Baba ya kira ni, ya ce kin ce masa ya haifi ɓarauniya. Dattijon da ya sa min sunanki don yana ganin babu kamarki a duniya. In kina da magana ai da ni kike da ita, me ya yi miki?

Da na ce ki bar min su, nufina ki bar min maganar a hannuna in san yadda zan yi. Ga abin da ban iya bayani a gurguje ba. A cibiyarmu, in za a duba aikin ma'aikaci, ana kulle shafinsa, ba ya iya ƙarawa ko ragewa sai da sa hannun shugaba. Hanya biyu ce a gabana. Ko in yi shiru a sabunta min kwantiragi, a buɗe shafin, in saki takardunki ba wanda ya ji. Ko in je in ce wa shugaba kashi biyu cikin uku na abin da yake yabona a kai ba nawa ba ne.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Da na sake karanta layin nan na "ki bar min su" bayan wasiƙarki, ni kaina ban iya rantsuwa a kan wanne nake nufi ba. Kuma kin tambaye ni ko yau na fara gani. A'a. Na gani tun tuni, na rubuta wa masu shafin sau ɗaya, ba su amsa ba, ni kuma ban matsa ba, domin lambar tana min daɗi.

Amma na je, Gwaggo, kafin zaman duba aikin nawa, ba bayansa ba. Na zauna a ofishinsa na nuna masa shekarun takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya cire tabarau ya ce, "Ni ma na yi mamakin yadda kika fara da wuri haka." Mutumin da ya ɗauke ni aiki ke nan, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Daga nan aka yi ta tura ni ofis zuwa ofis, kowa yana kallona kamar wadda aka kama da kaya a jaka. Kwantiragin shekara uku da aka yi min alkawari ya koma na shekara ɗaya. Aikin binciken da zan jagoranta an ba wani. Maigidana kuwa na ga ya daina maganar sauya gida.

Yanzu ni ma ina da tambaya. Kin ce Ƙidayau ko kallon kwalinki bai yi ba, ƙidaya kawai ya sani. Takarda bakwai na wallafa da gumina. Kowacce ta fito sai na buga ta, na sa a ambulan, na aika miki, ta farkon har da 'yar wasiƙa a ciki ina cewa saboda ke na shiga wannan fanni. Ko "na gani" ba ki taɓa ce min ba. Kin taɓa buɗe ɗaya? Wasiƙar farko da na samu daga gare ki a rayuwata ita ce ta neman kayanki.

Don kada haka ta sake faruwa, daga yanzu zan ƙara sunan maigidana a kan duk abin da zan wallafa. Na mayar miki da takardunki, zan mayar miki da sunanki ma, ki huta.

Allah ya ba ki nasara a gaban kwamiti. Da gaske nake wannan addu'ar.

'Yar ɗan baffanki.

*

Zuwa ga Takwarata,

Gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da mijina ɗan jarida. Ina fatan walwala ta fara dawowa gidan. Ni lafiya, gwiwa ce dai, kuma na fara gasa ta kamar yadda kika ce.

Bari in fara da abin da kike jira. Ban samu ba.

Kayana sun dawo a kan lokaci. Ƙidayau ya juyo min kwamfuta yana fara'a, ya ce yawan takardu ya yi, ambato ma har ya wuce abin da ake nema. Sai ya sa yatsa a kan gida na uku ya ce, "Malama, matsalar ita ce haɗin gwiwa. Kusan duk aikinki ke kaɗai kika yi." Na ce masa ni kaɗai a ina? Masu haƙar rijiya da suka riƙe min igiya fa, da manoman da suka bar ni na tona gonakinsu, da ɗaliban da suka tankaɗe ƙasa har da shi kansa? Ya ce ba wannan ake nufi ba, sai sunan masani daga wata cibiya ta waje a gefen nawa. Na ce, "Gwiwa biyu Allah ya ba ni, kuma duk na haɗa su a bakin rijiya." Wata a cikinsu ta yi dariya, sauran suka duƙar da kai. Suka ce in sake nema a zagaye mai zuwa, alhali dukkansu sun san ranar ritayata. Na ɗauki kwalina da kaina na sauko, ban bari kowa ya taya ni ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu a ɓace yake. Abin da ya fi ci min rai shi ne kin yi asarar shekara biyu da jagorancin aiki a kan abin da bai samu ba.

Daga can laburare na shiga don in yi wa matar nan godiya. Ta ce in zo in ga wani abu. Takardar rijiyoyin nan, wadda na fi so a duk abin da na rubuta, sau biyu kawai shafin yake nuna an ambace ta tun da can, har na haƙura na ce ba mai karanta ta. Yanzu ta koma tara. Na ce daga ina bakwai suka fito cikin mako ɗaya? Ta ce dama suna nan. Injin ba ya ƙirga mutum in ya ambaci kansa, yana ɗaukar hakan yabon kai. Da yake a wurinsa ni da ke mutum ɗaya ne, duk lokacin da kika ambace ni sai ya share. Da aka raba mu suka bayyana. Bakwai, Takwara. Babu takardarki ko ɗaya da ba ki ambaci rijiyoyina ba.

Na yi mata godiya na fito. Na hau ofis na buɗe kabad ɗin ƙasa, na ɗaga tsofaffin takardun jarrabawa. Ambulan ɗinki suna nan duka, ko ɗaya ban yaga bakinsa ba. Kullum cewa nake sai na samu sarari. Na rufe ƙofa na karanta su, har da 'yar wasiƙar. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji a gaban kwamiti ba. Ina zagin Ƙidayau, ashe a ajina ya koyi har da wannan.

Aikinki mai kyau ne, ba don ke 'yata ce na faɗa ba. Ta biyar ta gyara wani abu da na yi kuskurensa a kan ƙasa mai yumɓu, kuma kin gyara shi cikin ladabi har ban ji zafi ba sai da na kai ƙarshe. Amma a ta uku, jadawali na biyu, kin busar da ƙasar da zafin da ya yi yawa, shi ya sa lambobin suka hau. Ki duba.

Na je gidan Babanki na ba shi haƙuri a gaban Mamanki. Ke ma ina ba ki. Kalmar da na faɗa ba taki ba ce, na janye ta.

Sai maganar suna. Kada ki kuskura. Wane ne inji da zai sa 'yar gidanmu ta canza sunan da ubanta ya raɗa mata? Shi ya yi kuskure, shi zai koyi bambanta mu. Ba aro na ba ki ba balle ki mayar.

Akwai awon rijiyoyi na shekarun baya-bayan nan da ban taɓa wallafawa ba, suna nan cikin kwali na biyu. Ni ina da ƙasa da ruwa, ke kina da na'urorin da mu nan sai a hoto muke gani. Kina da shekara ɗaya ki nuna musu abin da yake naki, ni kuma ga ritaya ta ba ni sararin da nake ta jira. Zan aiko miki da su, mu rubuta tare. Haɗin gwiwar da suka nema ke nan, ya zo bayan sun tashi, su suka sani.

A saman takardar za mu rubuta sunan nan sau biyu, ɗaya bayan ɗaya, mu ga yadda injin zai yi da mu. Naki ne zai zo farko, amma wannan ni da ke kaɗai za mu sani.

Ki shafa min kan mijina, ki ce ina nan ina jiran tambayoyinsa.

Ni ce Gwaggonki, mai sunanki.